Motar da Na Ce a Kashe Take

Unguwar Zariya, Maraɗi
Laraba, bayan azahar

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Yamai ka huta. Allah ya kai ka lafiya, ya kiyaye ka a hanya, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai na ƙwarai.

Na san za ka yi dariya in ka ga takarda cikin jakarka, tsakanin riguna da ledar kilishi. Za ka ce Mama da rubutu, ga waya a hannu. To, shekara talatin da ɗaya na yi riƙe da alli ina koyar da yara a lakkwal, hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. In na zauna zan yi maka maganar nan baki da baki, ka ɗago ka dube ni da idanun nan irin na babanka, Allah ya jiƙan shi, sai in kauce in kama zancen sabulu da gidan sauro. Sau biyu na gwada cikin satin nan, kai ma ka lura.

Ranar da ka shigo da murna ka ce an ɗauke ka aikin kwana-kwana, ban ce maka komai ba, kuma na yi sati uku a haka. Yayarka Zainabu ta gaya mani ka ce raina aikin nake. Ba raini ba ne, Auta. Akwai abin da ban taɓa gaya maku ba game da motar nan da ke tsakar gida, kuma bai kamata ka sa kaki ba ka san shi ba. Zan faro daga farko, ka yi haƙuri da tsawon zance.

Kana Damagaram wajen karatu lokacin da yayanka Kabiru ya aiko da motar daga Kotonu. A lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar babanku, ni kuma na aje aiki, garkarmu ta Jiratawa ta dawo hannuna. Na gaji da hawan babur ɗin kabu-kabu da buhun zogale a cinya. Na yi permi, wato lasin tuƙi, da furfurata, a kan tsohuwar motar makarantar koyon tuƙi, mai kile, makullin nan da ake murɗawa, mai rurin da har maƙwabta sun san an tada ta. Wadda Kabiru ya aiko daban take. Ba ta da ramin kile sam. Wani ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana, ka jefa shi a jaka ko aljihu, ka taka birki, ka danna maɓalli, shi ke nan ta tashi. Ga shi tana shan esans, wato fetur, tana kuma tafiya da batir, in tana tsaye ko tana tafiya a hankali ba ka jin ko numfashinta.

Wani dattijon direba ne ya kawo ta, Malam Hamisu. Matan unguwa sun cika ƙofar gida, ana ta guɗa ana shafa kujeru. Ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada a ji, ya ce, “Madam, wannan ba irin wadda kika koya ba ce. Ki ba ni rabin awa in nuna maki halinta.”

Na dubi matan nan, rabinsu ni na koya masu rubuta sunansu. Na ce da ƙarfi, “Malam, nuna mani yadda ake tada ta kawai. Sauran zan gane da kaina.”

Ya ce, “To, Madam.” Ya nuna mani, ya miƙo mani ɗan littafin motar, ya yi sallama. Littafin nan na sa shi cikin akwati tare da tsofaffin takardun lakkwal, ban ko buɗe bangon ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Na saba ni ake tambaya, har na manta yadda ake tambaya. Kai kuma za ka shiga wurin da ba ka san komai ba, ga ka da karatu fiye da wasu daga cikin waɗanda za su koyar da kai. Kada karatun ya toshe maka kunne. In tsohon ma'aikaci ya ce zo in nuna maka yadda ake naɗe tiyo, je ka, ko da ka gani sau goma. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, a gaban kowa. Za a yi maka dariya, ta yini ɗaya ce.

Ba a yi wata uku ba motar ta ja mani kunne, ban ji ba. Ka tuna Inna Delu ta Tibiri, ƙanwar mahaifiyata, mai ciwon fuka. Wata safiya cikin bazara aka bugo waya ciwon ya tashi, ana so a kawo ta gidan likita. Ni kuma ina da taron tsofaffin malamai, ni ce mai rubuta abin da aka tattauna. Na kira kawunka Isuhu, na tuƙa mu har ƙofar wurin taron, na fita na bar motar a kunne, shi ya zagayo ya zauna. Ina taka ƙasa ta kama kuka, ƙit-ƙit-ƙit.

Isuhu ya leƙo ya ce, “Yaya, me take cewa?”

Na ce, “Haka take, surutu gare ta. Yi sauri kai dai.”

Ashe gaya mana take kile ya fita daga cikinta. Yana cikin jakata. Irin motar nan in ta riga ta tashi za ta kai ka duk inda kake so ko babu kile, amma in ka kashe ta, ta kasu ke nan sai an kawo shi. Isuhu ya isa Tibiri lafiya, ya tsaya ƙofar gida ya danna maɓalli ya kashe. Suka ɗauko Inna suka kwantar da ita a baya tana jan numfashi da ƙyar. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya kira ni har ya gaji, wayar tana cikin jakar nan tare da kile, na rufe mata baki saboda taro. A ƙarshe kan kabu-kabu aka kawo tsohuwar nan Maraɗi, an sa ta tsakiya Isuhu yana riƙe da ita ta baya, cikin ranar da ko akuya ba ta yarda ta fito ba. Kwana biyar ta yi a kwance.

Da na je duba ta, ta kama hannuna ta ce, “Hadiza, motar taki akwai taushin kujera. Na ɗan kwanta ciki na ji daɗi kafin a fiddo ni.” Duk ɗakin aka yi dariya, har da ni. Daga nan na maida abin labarin ban dariya. Duk gidan suna ko biki da na je sai na ba da shi, in ce motocin zamani wayo gare su kamar mutane. Ko sau ɗaya ban ce laifina ne ba. Littafin kuma yana nan cikin akwati.

Auta, a aikinku za ka ga ranaku da yawa da abu zai kusa ɓaci Allah ya rufa asiri. Igiya ta zame amma ba wanda ya faɗo, ruwa ya ƙare amma wutar ta riga ta mutu. In kun koma bariki za a zauna ana ba da labarin ana tafawa. Ka yi dariyarka, ban hana ka ba. Amma in an watse ka zauna ka tambayi kanka me ya jawo, kuma ina naka hannun a ciki. Ni da na yi haka bayan Tibiri, da abin da zan gaya maka yanzu bai faru ba.

Ƙarshen damina ne, ranar Litinin da hantsi. Na nufi garka ni kaɗai, za a yanki zogale. Ka san hanyar nan da ke bin gefen babbar magudanar ruwa ta siminti, in an wuce gonakin masara. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa da santsi. A daidai kwanar sai ga amalanken shanu ya fito daga cikin gona. Na murɗa sitiyari, motar ta zame ta gefe, ƙofata ta daki wani ginshiƙin siminti, ta juya ta tsaya tana fuskantar bangon magudanar, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ƙofar ta lotsa ciki, kujera ta zamo gaba, gwiwata ta maƙale ƙarƙashin sitiyari. Ƙafata ta dama tana kan birki, danne, ba na iya ɗaga ta.

Kafin ka ce me, manoma sun kewaye ni. Wani ya leƙo ya ce, “Kai, Madam ce! Madam ta lakkwal!” Ɗalibina ne na da, yanzu da gemunsa. Suka ja ƙofa ta ƙi, suka kira 'yan kwana-kwana. Ina zaune ɗankwalina ya zame, gumi yana zuba, mutum kusan talatin suna kallona, ana ta cewa ai mace da tuƙi sai a hankali. Wallahi zafin maganar nan ya fi mani zafin gwiwar.

Jar motarsu ta iso. Wanda ya fara zuwa wurina shi ne Sarjan Mamman, wanda kuka sani da Baba Sarjan, mai zuwa mana gaisuwar salla da sandarsa. A lokacin ba shi da sanda. Dogo ne, tafiyarsa da sauri. Ya duƙo ta taga ya ce, “Sannu Hajiya. Sunana Mamman. Kina jina? Ina ke maki ciwo?” Na gaya mashi. Ya sa hannu gefen sitiyari yana lalube inda kile ke zama, bai ji komai ba, ya ɗauka wani ya riga ya zare. Ya kasa kunne, motar shiru. Sai ya tambaye ni, “Hajiya, motar a kashe take?”

Ga gaskiyar da na ɓoye maku. Ban sani ba. Ban tuna na danna komai ba. Akwai wata 'yar koriyar fitila da ke ci a gabana, ina ganinta, ban san ma'anarta ba. Kile yana cikin jakata, jakar tana gefena. Abin da ya kamata in ce kalma uku ce: ban sani ba. Amma ga ɗalibina tsaye, ga masu cewa mace da tuƙi. Na ce, “A kashe take.”

Ya ce, “Madalla.” Ya sa mutanensa biyu su shiga ta ɗaya ƙofar su ja kujerata baya. Shi kuma ya zagaya ya shiga ɗan tsakanin nan, gaban motar da bango, zai buɗe murfin inji ya cire batir. Suka ja kujera, gwiwata ta kuɓuta, ƙafata ta sauka daga kan birki. Ashe ƙafar nan ce kaɗai ke riƙe da motar tun ɗazu, tana kunne, tana cikin giya. Cikin raɗaɗi na miƙe ƙafar, ta faɗa kan totur. Ba ruri, ba gargaɗi. Motar ta yi tsalle gaba ta haɗa ƙafarsa da siminti.

Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Ni ce na kai hannu na danna maɓallin, fitilar ta mutu. Ka ga hannuna ya san wurin tun farko. Manoma suka taru suka ciccibi gaban motar suka ja ta baya, aka zaro shi. Ƙashin ya karye wuri biyu ƙasan gwiwa. Mota ɗaya aka sa mu zuwa Maraɗi, shi a kwance, ni a zaune da ɗan targaɗe. Muna cikin tafiya ya buɗe ido, leɓensa ya bushe, ya ce, “Hajiya, ƙafar taki fa, da sauƙi?”

Ɗana, ka riƙe wannan da kyau. Mutumin da za ka iske cikin mota ko cikin gida mai cin wuta ba a hayyacinsa yake ba. Yana jin tsoro, yana jin kunya, wani yana ɓoye abin da ya yi. Ba mugu ba ne, uwarka ce a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta. Ka yi mashi magana mai daɗi, ka tambaye shi, ka ce to. Sannan ka duba da idonka. In tsohuwa ta rantse maka motar a kashe take, ka ce, “To Mama, na ji,” ka kuma leƙa ka gani. Ba ƙaryata ta ka yi ba. Ka cece ta ne daga ɗaukar abin da ni na ɗauka.

Abin da na yi bayan nan ya fi ba ni kunya, don shi ba cikin ruɗewa na yi shi ba. Labari ya bazu a Jiratawa cewa mota ta tashi da kanta. Wasu suka ce birki ne ya ƙwace, wasu tsofaffi suka ce kwanar nan dama tana da masu ita. Da jandarma suka tambaye ni, na ce ban san abin da ya faru ba. Ku ma da kuka kira, birkin na ce maku. Na bar kowa da abin da ya zata. Ina aika Zainabu gidan likita wurin Sarjan da abinci da lemu, ni kuwa ban taka ba, kullum gwiwa ce hujjata, alhali ta warke tun sati na biyu. Motar aka gyara aka kawo, na rufe ta da tampol na koma hawan kabu-kabu.

Wata huɗu ina haka. Ina salla, ina azumin Litinin da Alhamis, abinci ba ya mani daɗi. Ran nan na je Tibiri gaida Inna Delu, a bakin kasuwa na hango Sarjan. Ya rame, yana dogara sanduna biyu, matarsa tana ƙoƙarin taimaka mashi ya hau babur, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Ka san me na yi? Na ja mayafi na rufe fuska na wuce. Ni, da na shekara talatin ina sa yara su miƙe su faɗi wanda ya fasa tulun aji.

Washegari da safe na koma Tibiri na yi tambaya har gidansa. Na iske shi zaune kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi, ya miƙe ƙafar. Matarsa Salamatu ta kawo mani ruwa. Muka gaisa, gaisuwa ta ƙare, ba sauran abin fakewa. Na ce, “Sarjan, na zo in gaya maka abin da ban gaya wa jandarma ba. Ranar nan da ka tambaye ni, ban san ko a kashe take ba. Kunya ta sa na ce maka haka. Kile kuma yana cikin jakata.”

Ya dubi kaji suna tono. Sannan ya ce, “Na sani, Madam. Ta gilashi na ga hannunki lokacin da kika danna. Wata huɗu ke nan ina jira in ga ko za ki zo.”

Na fashe da kuka a gidan mutane. Bai ce in yi shiru ba. Da na lafa ya ce, “Ba zan ce maki ban ji haushi ba. Likita ya ce ni da hawan tsani har abada. In na koma, wajen amsa waya za a aje ni. Akwai ranakun da in an ambaci sunanki sai in juya fuska bango.” Salamatu tana tsaye bakin ƙofa, ba ta dube ni ba. Ya ci gaba, “Amma da na kwanta na yi lissafi, ni ma da nawa. Na tambaya, ban duba ba. Ban sa katako a taya ba. Na shiga gaban mota, abin da nake hana sababbi. Na saba da motar da in tana kunne ana ji. Na yafe maki, Madam, don Allah. Sai dai akwai aikin da za ki yi mani.”

Na ce ko mene ne.

Ya ce, “Irin motar nan ta fara yawa a gari, mutanena kuma da yawansu ba su taɓa zama cikinta ba. Ki kawo mana ita bariki su gan ta da idonsu.”

Nasiru, in ka yi kuskuren da ya taɓa wani, ka je da ƙafarka, ka je da wuri. Kada ka aika da abinci a madadin kanka. Wata huɗun nan da na yi ina ɓuya, ba ni kaɗai na sha wahalarsu ba, shi ma yana kwance yana jiran kalma ɗaya daga bakina. Kuma ka lura da yadda mutumin nan ya yi: shi aka karya, amma sai da ya nemo nashi kason laifin ya faɗa. Irin shi nake so ka zama.

Na koma gida na buɗe akwati na fiddo littafin. Kwana uku ina karanta shi da tabarau da biro, ina juya abin da ya shafe su zuwa Hausa. Na sa aka nemo mani Malam Hamisu, na ba shi haƙuri, na ce rabin awar nan da na ƙi, ina so yanzu. Ya yi murmushi ya ce, “Ai tana nan, Madam, ban kashe ta ba.” Ranar da shugabansu ya ba da izini, na tuƙa motar da kaina har cikin bariki. Sarjan yana zaune kan kujera da sandunansa. Ya sa na tada ta, ya ce kowa ya rufe ido ya faɗi ko tana kunne. Duk suka ce a kashe take. Na ɗaga ƙafa kaɗan ta matsa, sai ga ƙarti suna tsalle baya. Daga nan ba wanda ya ƙara yin wasa. Na tsaya gabansu na ba da labarina yadda na ba ka shi yanzu, ban rage komai ba.

Za a koya maka wannan a Yamai fiye da yadda zan iya, kuma in abin da suka ce ya saɓa da nawa, nasu za ka bi. Amma ga abin da muka tsayar ranar nan, ka ji shi daga bakina tukuna. Shirun mota ba shaida ba ne. Ka tunkare ta ta gefe, kada ka tsaya gabanta ko bayanta. Kafin kowa ya taɓa wanda ke ciki, a sa katako a tayoyi, gaba da baya. A maida giya wurin tsayawa, a ja birkin hannu. Sannan ka dubi allon da ke gaban direba: in da fitila tana ci, motar a farke take, ka danna maɓallin ka ga allon ya yi duhu. In kuwa ka iske shi da duhu, kada ka danna don gwaji, kana iya tada ta da hannunka, balle in ƙafar mutum tana kan birki. Ka nemi kile, ka tambaya da bakinka, yana jaka ko aljihu, ka ba wani ya kai shi nesa da motar, don muddin yana kusa ana iya tada ta. Ka tambaya ko akwai na biyu, ni nawa biyu ne. Kada ka cusa kanka tsakanin sitiyari da mutum, jakar iskar da ba ta fashe ba tana iya fashewa daga baya. Manyan wayoyin nan masu launin ruwan lemu kuma, na babban batir ne, ba a yanka su, ba a taɓa su.

Sarjan ya ƙara da wani abu da ban taɓa tunani ba. Ya ce in aka kira ku gida mutane suna ciwon kai suna suma ba dalili, a duba ko akwai mota a rufaffen wuri. Mai ita yana iya fita da kile a aljihu ya ɗauka ya kashe, injin ya riƙa tashi da kansa, hayaƙin da ba a gani yana shiga ɗakuna. Tun ranar, ko a tsakar gida na tsaya sai na ga allon ya yi duhu nake fita. Ka sha yi mani dariya a kan haka, yanzu ka san dalili.

Saura kuskure ɗaya, shi ne na bayan nan, kuma kai na yi wa. Da ka ce mani kwana-kwana, abin da na gani shi ne kai tsaye tsakanin mota da bango, wata mace kamata tana zaune ciki tana jin kunya. Tsoro ya kama ni, maimakon in gaya maka sai na yi shiru na bar ka kana zaton ba na alfahari da kai. Ka yi ta shiga da fita kana neman fuskata, ina ba ka abinci ba magana. Ka yafe mani, Auta. Ina alfahari da kai har ban san inda zan sa kaina ba. Ranar da ka yi iyali, in tsoro ya kama ka saboda su, ka gaya masu tsoro ne. In ka yi shiru, su za su cike wurin da abin da ya fi shi muni.

Ranar Alhamis da ta wuce na je Tibiri na gaya wa Sarjan. Salamatu ce ta tarbe ni, yanzu har zogale take aiko a kai mata, ka ga an daɗe da wuce wancan. Na ce mashi, “Autana ya shiga aikinku, sati mai zuwa zai tafi horo. Ni kuma ban san ko murna zan yi ko kuka ba.”

Ya buga sandarsa ƙasa ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Allahu akbar! Madam, kin amshe mana ƙafa ɗaya, kin kawo mana biyu.”

To ka ji. Ƙafafun nan biyu ni na yi masu wanka, ni na ga takunsu na farko a tsakar gidan nan. Na ba da su da zuciya ɗaya. Ka kai su duk inda ake neman taimako, kada ka ja baya, amma ka duba inda kake aje su, ka dawo mani da su duka biyu.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko da kaki a jikinka. Ka ci abinci, na san halinka in aiki ya yi yawa. Ka kira ni in ka sauka. Zainabu da yaranta suna gaishe ka, Kabiru ya ce zai neme ka a waya, kawunka Isuhu ya ce a gaya maka yana nan yana addu'a.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya kare ka daga wuta da ruwa da ƙarfe, ya sa hannunka ya zama sanadin tsirar bayinsa. Allah ya yi maka albarka, ya maido mani da kai lafiya. Amin.

Mahaifiyarka,
Hadiza